Mazarƙwaila a Bakin Tebur

Ko zan manta duk abin da ya same ni a aikin koyarwa, ba zan taɓa mantawa da ranar da teburin Alhaji Barau ya narke a gaban mutanen Kurfi ba. Na ce ya narke, kuma ba suɓutar baki ba ce. Yau gemuna ya yi fari fat, amma in na tuna ranar sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka turo ni Kurfi, sabon malamin elementare, da akwatin ƙarfe ɗaya da tsohon keke da girman kai wanda ya fi su duka nauyi. Ni ɗan Dutsin-Ma ne, wato ba wata uwa duniya aka kai ni ba. Sai dai tun ina ƙarami aka tsince ni aka kai makarantar kwana, na fito na iya lissafi da Turanci, ban iya zama cikin mutane ba. Hedimasta ya samar mini masauki a shagon ƙofar gidan Alhaji Barau, wani dattijo mai sayen gyaɗa, mai kwarjini da ƙarancin magana.

A cikin shagon akwai tebur. Kada ka ɗauka irin na makaranta ne mai rawa da ƙafa ɗaya. Wannan na maɗaci ne, ja mai duhu, yana sheƙi, Alhaji ya same shi ne a hannun wani Baturen kamfanin gyaɗa da zai koma gida. A gidan babu mai amfani da shi, sai in ana taro a fito da shi mutane su gani. Ranar da na sauka Alhaji ya ɗora tafin hannunsa a kai ya ce, "Malam, ga teburi nan. Ku kuka san shi. Ka riƙa aikinka bisa, amma ka lura mani da shi." Ban sani ba ashe wannan ce doguwar maganar da za ta shiga tsakaninmu har tsawon watanni.

Ba wanda ya wulaƙanta ni a Kurfi, kada in ɗauki alhakin mutane. Girmama ni suka yi har na rasa inda zan sa kaina. Bayan la'asar mazan unguwa sukan taru a gindin durumin ƙofar gida, ana hira ana shewa. Da na ɓullo da kekena sai hira ta tsaya cak. In yi sallama, su amsa baki ɗaya, "Sannu Malam, an taso?" In ce an taso. Shi ke nan. Sai na shige shago na saki labule sannan dariya ta dawo. Abinci kuma daga cikin gida ake aiko mini a rufe cikin akushi, har da cokali, in zauna a teburin nan ni kaɗai ina ci ina jiyo su. Sau da yawa nakan shirya 'yar maganar ban dariya tun daga makaranta, ina maimaita ta a kan keke, amma da na iso gindin durumin sai ta maƙale a wuya (wata ma har yau ina riƙe da ita, ban sami wanda na faɗa wa ba). Kaɗaici ya dame ni ƙwarai. Har ta kai ina yi wa teburin magana, kuma in faɗi gaskiya ya fi kowa saurarona a garin.

Wata Juma'a da yamma kwaɗayi ya ja mini. Na sayo mazarƙwaila a kasuwa, irin mai taurin nan da haƙori ba ya iya mata komai. Mai hankali zai fita waje ya nemi dutse ya fasa. Amma waje akwai mutane, kuma malamin makaranta ba ya tsugunawa a gaban jama'a yana fasa mazarƙwaila (a lissafina na lokacin ke nan). Sai na ɗora ta a kusurwar tebur, na ɗauko addar da na tarar a bayan ƙofa, na auna, na sara.

Mazarƙwailar ta yi tsalle ta faɗa ƙarƙashin gado, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Kusurwar teburin ce ta tafi. Wajen da ya ɓalle ya kai girman babban yatsa, ɓallin kuwa ya dagargaje, ba abin da za a tattara a mayar. Farin cikin katakon ya fito fili yana kallona. Na daɗe a tsaye da adda a hannu, ina jiyo muryar Alhaji a waje yana amsa gaisuwar wani.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake. In fita in durƙusa in ce Alhaji ga abin da ya faru. Amma mutumin da bai iya cewa "yaya zafi" a gindin durumi ba, ta ina zai fara da wannan? Ga tsoron kada a ce amana ɗaya tak aka ba ɗan boko ya kasa riƙewa, a kwashe mini akwati a kai wani gida inda ko dariyar wasu ba zan jiyo ba. Kafintan garin kuwa kullum yana cikin masu zama a gindin durumin, kai masa tebur daidai yake da yin shela a kasuwa. Sai na jawo rawanina na yafa wa kusurwar, na ce zan gyara da kaina. Ai na yi karatu.

Da aka tashi makaranta ranar Asabar na hau keke sai Dutsin-Ma, don in samo garin katako inda ba a san teburin ba. Na biya ta rumfar kafintoci na ce a ɗan ɗebo mini, aka cika mini aljihu ba tare da an tambaye ni dalili ba. Daga nan na wuce gida, da niyyar in faɗa wa Inna halin da nake ciki, ko na ji sanyi.

Tana ganina ta miƙe ta karkaɗe sabuwar tabarma. Da ma ni ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunana ba, to tun da na fara aiki sai ta sami mafita.

"Malam ne? Sannu da hanya. Ku kawo mashi ruwa cikin kofin nan na tangaran."

"Inna, moɗa ma ta isa."

"A'a, ku ba ku saba ba."

Ƙannena suka zo suka gaishe ni a durƙushe, suka koma bayan ɗaki suka ci gaba da wasansu. Aka kawo mini tuwo ni kaɗai a zaure, da cokali. Inna ta leƙo ta ce, "Lahiya dai ko? Na ga ka rame." Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa lafiya lau, aiki ne. Washegari na juya Kurfi da garin katako a aljihu, maganar tebur tana nan a cikina yadda na je da ita.

Gwajin farko na jiƙa ƙaro ya yi kauri, na kwaɓa da garin katakon, na cusa a gurbin na daidaita da wuƙa. Ya kama kuwa. Sai dai da ya bushe ya fito fari-fari a jikin jan tebur, ko makaho ya shafa zai tsaya a wurin. Na kankare. Na gwada da jar ƙasa, ya tsattsage. Na gwada da tawada, ya koma kamar an ƙona wurin. Ina zaune na haɗa kai da gwiwa, sai idona ya faɗa kan mazarƙwailar nan da ta jawo komai, na riga na zaro ta daga ƙarƙashin gado na ajiye a taga. Na ɗauko na kara a jikin teburin. Wallahi launinsu ɗaya, sai ka ce daga bishiya guda aka yanko su.

A nan ne ilimi ya yi mini rana. Na narka ta a gwangwani a kan 'yar wuta, na zuba ƙaro da garin katako, na tuƙa har ya yi danƙo. Na ɗora a gurbin da zafinsa, na fitar da kusurwa da bakin wuƙa. Da ya huce ya yi tauri, na kankare da fasasshiyar kwalba har ya yi sumul, na kawo man gyaɗa na shafe ya ɗau sheƙi. Na ja da baya na duba. Ni kaina sai da na lalubo wurin. Abin da ya fi ba ni haushi a ranar shi ne babu wanda zan nuna wa. (Ka lura da kayan haɗin: mazarƙwaila, ƙaro, man gyaɗa. Alewa na dafa, ni kuwa ina ganin kafinta na zama.)

Ba a kwana biyu ba na fara baƙi. Kiyashi ne, sun jero layi tun daga bakin ƙofa, suka hau ƙafar tebur suka nufi kusurwar kai tsaye. Su ne na farko da suka taɓa shigowa shagon nan don kansu ba aike ba. Mai tunani zai tsaya ya tambayi kansa abin da wannan ke nufi. Ni sai na samo gwangwanaye na zuba kananzir na tsoma ƙafafun teburin a ciki, baƙi suka ɗauke ƙafa, na ce magana ta ƙare.

Ana nan bazara ta shigo, aka yi haihuwa a gidan, matar babban ɗan Alhaji ta sami ɗa namiji. Ana jibi suna, ina zaune bayan la'asar, sai na ji sallama a bakin labule. Alhaji ne da kansa. Na yi zumbur na tsaya a gaban kusurwar.

"Malam, jibi suna. Za a hidda teburi waje. Akwai baƙi daga nesa, ina so a yi masu shayi irin naku. Kai za ka tsaya bisa, tunda kai ka san kanshi."

Na ce to, Allah ya kai mu. Yana fita na rasa inda zan sa kaina don murna. An sa ni a sha'anin gida. Zan tsaya a tsakiyar mutane da aikin yi a hannuna, dole wani ya ce mini miƙo, in ce ungo, daga nan hira ta ɓalle. Na wanke rigata na kai aka buga. Kusurwar ma ban manta da ita ba, na danna ta da farce na ji ta kamar dutse. Abin da ban lissafa ba shi ne a inuwa na danna, kuma da safe.

Ranar suna aka raɗa wa yaro suna da sassafe, aka yi addu'a, aka raba goro. Manyan baƙi suka zauna jiran abinci. Aka fito da teburin aka girke a gefen durumi, daidai inda inuwa ke gudu in hantsi ya yi. Na jera kofuna, na tsaya ina ta murmushi. Sai na ga kusurwar tana sheƙi fiye da sauran teburin, na ce bari in ɓoye ta. Da me zan ɓoye? Na ɗauko butar shayi daga kan garwashi, na girke ta dab da wurin don ta kare shi daga idon jama'a. Wannan dabarar tawa ce ni kaɗai, ba wanda ya ba ni shawara.

Cikin baƙin akwai Malam Jibo, wani tsoho mai shanu daga Kutawa, taubashin Alhaji. Shi kaɗai ne a duniya yake kiran Alhaji da Barau gatsal, ya faɗa masa abin da ya ga dama a yi dariya. Ya sha sabuwar farar babbar riga, ya taso ya zo wurina.

"Kai ne malamin da aka ce shina zaune gidan Barau ba ya magana? Zuba mani in ji abin da Turawa ke sha."

Na ɗaga buta na zuba masa, daɗi ya cika ni, ga mutum yana yi mini wasa. Shi kuwa ya jingina, ya dasa gwiwar hannunsa a kusurwar da na ɗauke butar, ya shiga ba mutane labarin wata saniyarsa. Labarin ya yi tsawo. Na ga ƙudaje sun fara kewaya hannun rigarsa, har da ƙudan zuma guda biyu. Yana kora yana ci gaba. Ni kuwa na ƙame da buta a hannu, ina addu'ar Allah ya sa saniyar nan ta mutu ko a sayar da ita labari ya ƙare.

Da ya gama ya yunƙura zai miƙe, riga ta ce ba ta san zancen ba. Ya ja. Kusurwar teburin ta biyo shi. Ba ɓallewa ta yi ba, da ta ɓalle da sauƙi. Miƙewa ta yi, ta yi dogon zare ja tsakanin tebur da hannun rigarsa, tana lanƙwasa a tsakiya tana ɗiga. Malam Jibo ya dubi zaren, ya dubi tebur. Ya sa yatsa ya lakato, ya sansana, sannan a gaban Liman da kowa da kowa ya kai baki.

Ya ɗan lumshe ido ya ce, "Barau, ashe wanga teburi naka ya nuna. Shekara nawa kana ɓoye muna shi, kai kaɗai kana lasa?"

Wani ya tuntsire, wani ya bi, amma yawanci suka danne suna satar kallon Alhaji. Alhaji ya taso a hankali ya zo ya duƙa, ya dubi gurbin da farin katakon ya sake bayyana. Bai dubi kowa ba sai ni.

"Malam, mi ya samu teburin?"

Na so ƙasa ta tsage. Na fara da "wato a gaskiya", na ji Turanci na neman kuɓuce mini, na haɗiye. Daga nan na zayyana komai da 'yar siririyar murya wadda ban san ina da ita ba: adda, garin katako, ƙaro, gwangwani. Da na zo kan man gyaɗa Malam Jibo ya ce, "Saura gishiri kaɗan," sai wurin ya fashe gaba ɗaya. Liman ya rufe fuska da gefen rawani kafaɗunsa na rawa. Kafinta ya zame daga kan tabarma yana riƙe da ciki. Har daga cikin gida na jiyo mata suna tambayar abin da ya faru, aka faɗa musu, su ma suka ɗauka.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya jira ta lafa, sannan ya ce, ba da faɗa ba, "Kana gidana, muna kwana muna tashi. Abu ya same ka, duk garin nan ka rasa wanda za ka faɗa mawa sai mazarƙwaila?"

Wannan ta fi dariyar zafi, don gaskiya ce. Na ajiye buta, na shige shago na saki labule. Shagon ya yi fayau babu tebur, sai gwangwanayen kananzir a ƙasa. Na zauna bakin gado ina jiyo sunan mazarƙwaila yana yawo a waje, na yi ƙwalla, ba zan ɓoye ba.

Alhaji bai kore ni ba. Kafinta ya zo ya yanke kusurwoyin teburin duka ya zagaye su suka zama iri ɗaya, aka mayar mini da shi. Rigar Malam Jibo kuwa ta tafi Kutawa da tambarinta, an ce har ya rasu yana nuna wa mutane wurin. Abin da ya rage mini shi ne suna. Washegari ina fitowa da keke wani ya ɗaga murya daga gindin durumi, "Malam Mazarƙwaila, an fito?" Na yi kamar ban ji ba. A kasuwa mai nama ya ce in zo in duba masa teburinsa ko ya isa lasa. Mai sayar da mazarƙwailar kuwa in ta hango ni sai ta ce, "Malam, ta ci za a ba ka ko ta gyara?" Na yi kwanaki ina bin lungu.

Sai a hankali na lura da wani abu. Mai tsokanarka dole ya tsaya, kuma dole ya jira amsa. Ranar da na gaji na ce wa mai naman teburinsa ko kare ba zai lasa ba, sai da ya riƙe hannuna yana dariya, ya ƙara mini tsoka. A gindin durumi aka daina yin shiru in na ɓullo, don yanzu ni ne hirar. Ban daɗe ina jin daɗin abin ba, shekara na zagayowa aka yi mini canji zuwa wani gari mai nisa, inda aka karɓe ni da mutunci, aka koma kirana Malam.

Na yi aiki a garuruwa da dama bayan nan, ban ƙara fasa kayan kowa ba, ban kuma ƙara zama ɗan gari kamar yadda na zama a 'yan watannin nan na Kurfi ba. Darasin da na ɗauka guda biyu ne. In ka ɓata kayan mutum, je ka faɗa masa da bakinka tun rana ba ta faɗa masa ba, in kuwa ka nace sai ka gyara, to kada ka gyara da abin da ake ci. Na biyun ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane: mutane ba sa sakin jiki da wanda ba su taɓa yi wa dariya ba. Yanzu kowa Baba yake ce mini, ana gaishe ni a durƙushe. Waɗanda suka san ni da Malam Mazarƙwaila duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma da zan sami mutum ɗaya ya kira ni da shi yau, da na amsa tun bai rufe baki ba.